In jiki ya ƙi aiki, wa zai riƙe gidan?

Akantan Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau magana ce mai ɗan nauyi na zo da ita, ku yi haƙuri da tsawonta. Jiya bayan La'asar na je duba wani abokin aikinmu. Shekararsa 43, 'ya'ya shida, matarsa ba ta aiki. Wata bakwai ke nan da ya tashi alwalar Asuba ya yanke jiki ya faɗi, hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yanzu alhamdulillahi yana zama, yana gane kowa, amma harshe ya yi nauyi, hannun kuma ko biro ba ya riƙewa.

Abin da ya hana ni barci shi ne, da rasuwa ya yi mun san yadda ake yi. A yi ta'aziyya, a raba gado, dangi su ɗauki yaran da za su iya ɗauka. Amma ga shi da rai, yana ci, yana shan magani kullum, ana kai shi gashi sau uku a sati. Albashi ya tsaya, kashe kuɗi ya ƙaru. Da na dawo gida na zauna na yi lissafin kaina. Ina ɗaukar jika 350 a wata. Haya 60, cefane da hatsi 130, lakkwal ɗin yara in an raba ta wata-wata 40, wuta da ruwa 25, abin da nake aika wa tsofaffi ƙauye 30, banki na cire 55 na bashin fili. Ku haɗa ku ga abin da ya rage. In na kwanta yau, ajiyata ba ta kai ni wata uku.

To tambayata: mu da muke cin abinci da albashi ko da sana'ar hannunmu, mi muka tanada don irin wannan rana? Moto ɗina na da asurans. Ni mai hawa kansa ba ni da komai.

Bagobirin Tsibiri:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Amma ɗan'uwa ba ana cire muku na Kes, asusun kare ma'aikata na Nijar, kowane wata ba? Ni da nake zato ku ma'aikatan kamfani kun fi mu 'yan alli kwanciyar hankali.

Akantan Zariya:
Ana cirewa, Mushe. Ni da hannuna nake cirewa ma, tunda ni ke shirya albashi. Amma wallahi sai jiya na gane ban san iyakar abin da kuɗin ke sayo mini ba.

Baba Mai Ritaya:
Salamu alaikum yara. Na yi shekaru ina irin aikin nan kafin in aje, bari in warware muku kaɗan, don abin da ke ruɗa mutane ke nan.

CNSS, wadda kuke ce wa Kes, rassa uku gare ta. Akwai na iyali, wato kuɗin yara da na haihuwa. Akwai na hatsarin aiki da cutar da aiki ya jawo. Akwai kuma na fansho, wanda ya haɗa tsufa da naƙasa da magada. Abin da ake cirewa cikin albashinka, kashi 5.25 cikin 100, duk reshen fansho yake tafiya, ubangidanka ya ɗora 6.25 bisa. Na hatsarin aiki kuwa, 1.75, ubangida kaɗai ke biyan shi, kai ba ka ba da ko dala.

To ka lura, babu reshe na huɗu mai suna ciwo. In zazzaɓi ko hawan jini ko ciwon suga ya kwantar da kai, Kes ba ta biyan ka kwanakin jinya. Wannan tsakaninka ne da ubangidanka, bisa abin da dokar aiki da yarjejeniyar ma'aikata suka ce. Dokar aiki ta 2012 ta ce ana dakatar da kwantaragin mara lafiya har wata shida, ba a kore shi ba ke nan, amma ba wai za a yi ta ba shi cikakken albashi duk tsawon lokacin ba. Abin da zai samu ya danganta da daɗewarsa a wurin. Abokin naka da ka ce wata bakwai, ka ga ya wuce wannan gaɓar.

Akantan Zariya:
Baba, to yanzu shi ina ya dosa? Tunda a gida ya faɗi, ba a buro ba.

Baba Mai Ritaya:
Nan ne gizo ke saƙa. Ƙofa biyu ce, kuma faɗinsu ba ɗaya ba.

Da a ce moto ya kaɗe shi kan hanyarsa ta zuwa aiki ko ta dawowa, ko injin ya kama hannunsa, wannan hatsarin aiki ne. Kes ta ɗauki magani da likita, ta ba shi rabin albashin yini na kwana 28 na farko, daga rana ta 29 ta koma kashi biyu cikin uku, har ya warke ko raunin ya tsaya inda zai tsaya. In ya bar masa naƙasa, likita ya auna kashi nawa ne, a yanka masa kuɗin da zai riƙa karɓa. Sai dai lissafin na da ƙugiya. Abin da bai wuce kashi 50 ba ana raba shi biyu, abin da ya haura 50 ana ƙara masa rabinsa. Wanda aka ce ya naƙasa kashi 40, da 20 za a yi masa lissafi. Wanda aka ce 70, sai a ce 25 a haɗa da 30, ya zama 55. Mutane da yawa sun zo gabana suna murna likita ya rubuta 40, suna zaton kashi 40 na albashi ne, sai da na yi musu bayani jikinsu ya yi sanyi.

Shi abokinka ta ɗaya ƙofar zai shiga, fanshon naƙasa. Sharaɗin farko, likita ya tabbatar ya rasa kashi biyu cikin uku na ƙarfin nemansa. Na biyu, a ce ya yi shekara 5 da rajista. Na uku, a ce an zuba masa wata 6 cikin wata 12 na ƙarshe kafin ciwon. In waɗannan sun cika, a haɗa dosiye. Abin da za a ba shi wani yanki ne na matsakaicin albashinsa, ba dukansa ba, kuma yana ƙaruwa da yawan shekarun da ya yi yana zubi. Zai sayi hatsi. Riƙe gida mai yara shida yadda aka saba kuwa, kada ku sa masa rai da wannan.

Ungozomar Ali Ɗan Sofo:
Baba mun gode, Allah ya ƙara girma. Ni abin da ya tsaya mini shi ne wannan kashi biyu cikin uku. Aikina hannu ne da ido da tsayuwa. In yau gwiwa ko ƙashin baya ya hana ni tsayuwar awa shida kan mai naƙuda, na tashi daga ungozoma ke nan. Amma likitan da zai auna ni zai ga mace tana tafiya da ƙafafunta, tana magana, ya ce ai za ta iya wani aikin. Wane aikin? Shekara 17 ban san komai ba sai karɓar haihuwa. Tsakanin lafiya lau da naƙasar da takarda ta yarda da ita akwai fili babba, kuma yawancinmu a filin nan za mu faɗa.

Bagobirin Tsibiri:
Kin faɗi gaskiya Hajiya. Malamin lakkwal in murya ta tafi fa? Ko ido? Mu dai na gwamnati da sauƙi, akwai hutun jinya, a fara da cikakken albashi sannan a koma rabi, in abin ya ƙi a kai ka gaban kwamitin likitoci. Kuma fanshonmu ba a Kes yake ba, a CARENI yake, asusun fanshon ma'aikatan gwamnati. Wanda nake tausayi ƙannenmu 'yan kwantaragi, da masu koyarwa a makarantun kuɗi da ake biya awa-awa. Ranar da bai shiga aji ba, ranar babu.

Bazabarme a Maraɗi:
Bagobiri kai mi ya dame ka, ai kana da shaida a fuska, ko ka naƙasa ba ka ɓata, duk inda aka tsince ka za a maido ka Tsibiri.

Bagobirin Tsibiri:
Ji bawana ya samu bakin magana. Shekara nawa kana cin tuwonmu a garin nan ba ka biya haraji ba? Faɗi abin da ya kawo ka.

Bazabarme a Maraɗi:
To ubangijina na ƙarya, saurara ka ƙaru. A banki nake aiki, kuma takardun asurans na bi ta hannuna kullum, don haka bari in taɓa abu uku da na ga suna cin mutane.

Akanta ya ce banki na cire masa 55 na bashin fili. Ɗan'uwa, je ka buɗe takardun bashin nan yau. Kusan duk bashin ma'aikaci da asurans a jikinsa, an cire kuɗinta tun ranar da aka zuba maka, mutane ba su ma lura ba. Tana biyan sauran bashin in mutum ya rasu, ko ya yi naƙasar da suke rubuta wa «invalidité absolue et définitive». Ka riƙe kalmomin nan da kyau. Ma'anarsu a mafi yawan takardu ita ce mutumin da ba ya iya kowane irin aiki har abada, kuma sai da wani a gefensa zai ci, ya yi wanka, ya sa tufafi. Wanda ya kwanta wata tara ya tashi da sanda bai shiga ciki ba, bashi na nan na jiran sa. Kuma ko ta biya, banki ta biya, ba gidanka ba. Duk da haka a duba wa abokinku, in yana da bashi, don na sha ganin iyali na sayar da fili su biya abin da asurans ya kamata ta biya, saboda ba wanda ya san tana nan.

Sai asurans ɗin moto da mota da muke yi don kada ɗan sanda ya tare mu. Wannan ta wanda ka kaɗe ce. Kai direba ba ka ciki, sai in ka sayi ƙari na kanka daban.

Akwai kuma wadda ake sayarwa da sunan asurans ta hatsari ta mutum ɗaya. Ba ta da tsada sosai, tana ba da dunƙulen kuɗi gwargwadon abin da ka rasa, ido kaza, hannu kaza. Tana da amfani ga mai yawan bin hanya, wanda kullum yana tsakanin Maraɗi da Tasawa ko Dakwaro. Amma sunanta na hatsari. Hawan jini ba hatsari ba ne a wurinsu, suga ba hatsari ba ce. Da abokin Akanta ya saye ta, da ba ta ba shi ko sisi ba.

Injiniyan Rijiyoyi:
To ashe duk rami ne. Ni ba ni da Kes ma, aikin kaina nake, yau in samu kwangilar burtsatse a Mayahi, gobe in zauna wata biyu ba komai. Na taɓa yin asurans ɗin mota, aka buge ni a hanyar Ɗan Isa, na yi wata takwas ina sintiri da takardu, kullum a ce a dawo, dosiye na Yamai. Da na gaji na gyara motata da kuɗina. Wanda bai biya ni ƙofar mota ba shi zai riƙe ni shekara goma ina kwance? Ni dai tsarina shi ne shanu da fili. Ina da bijimai a hannun wani Bafillace, ina da kango biyu. In na faɗi a sayar.

Bazabarme a Maraɗi:
Injiniya ban ce ƙarya kake ba, jan ƙafa wajen biya akwai shi. Amma ka yi lissafi. Kango biyu da bijimai, in an sayar cikin gaggawa, kowa ya san kana kwance, nawa za a taya? A ce miliyan 8. Gidan da ke cin jika 250 a wata, wata 32 ke nan, ko shekara uku ba a cika ba, ban sa kuɗin magani ba. Kai kuma shekararka nawa, 38? Autanka bai shiga lakkwal ba.

Injiniyan Rijiyoyi:
Gara shekara ukun da nake gani da idona da shekara ashirin da ke cikin takarda.

Hajiya Mai Adashe:
Ku maza kun cika son abu mai hatimi. Mu mata tun 1991 aka fara Mata Masu Dubara a jihar nan ta Maraɗi, daga nan tsarin ya bazu ƙasashe, kuma kowace ƙungiya da ta san abin da take yi tana da ɗan asusun taimako daban da na zubi. Mace ta kwanta ciwo, ba ta cika wata takarda, a ranar za a kai mata. Mu a kasuwa mu 30 ne, bayan adashe kowa na aje jika ɗaya a sati don irin haka. Bara wata cikinmu ta karye a ƙugu, mun riƙe ta wata huɗu, har shagonta muka riƙa buɗe mata bi da bi don kada masu saye su watse.

Amma zan faɗi gaskiya tunda ana maganar gaskiya. Da ta kai shekara a kwance da ba mu iya ba. A wata na huɗun ma an fara ƙunƙuni, wasu na cewa kuɗin kowa ya ƙare kan mutum ɗaya. Asusu na tare ciwon da zai tashi. Wanda ba ya tashi ya fi ƙarfinsa.

Akantan Zariya:
Hajiya abin da na gani ke nan a gidan abokina. Watan farko tabarma ba ta isa, kowa da ledarsa, kowa da ambulan. Jiya ni kaɗai na tarar, sai ƙanensa da ya zo daga ƙauye ya ce a maida shi gida a gwada na gargajiya. Ba mugunta ba ce, kowa na fama da nasa.

Malamin Zaure:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ina jin tsoron kada mu yi nisa ba mu tambayi hukunci ba. Asurans ta kasuwanci malamai da yawa sun hana ta, saboda gharari: ka ba da kuɗi tabbas, abin da za ka karɓa babu tabbas, ko ka samu ninkin abin da ka zuba ko ka tashi a tutar babu. Ga kuma kuɗin ana juya su cikin riba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke haka tun 1985. Sannan wani abu, yawan lissafin "in na naƙasa, in na faɗi" kada ya kai mu ga munana zato ga Allah. Wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci.

Ungozomar Ali Ɗan Sofo:
Allah gafarta Malam, da girmamawa. Ni nake ganin matan da mazansu ke kwance suna zuwa awo da ciki wata takwas, jini ya ƙare musu, ba su da kuɗin ƙwayar ƙarin jini. Allah na ciyar da su, haka ne, amma ta hannun wa? Ta hannun mutanen da suka yi tanadi. Ai kai ka karantar da mu cewa an ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali.

Malamin Zaure:
Na karɓa Hajiya, kuma ban hana tanadi ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, tanadin shekara bakwai ya yi. Bari in cika maganata, don hukuncin na 1985 bai tsaya kan hani ba, ya halatta ta taimakekeniya, wadda kowa ke zubawa da niyyar kyauta don a tallafi wanda abu ya sama. Ita ake ce wa takaful, kuma kamfaninta na farko a Sudan aka kafa shi a 1979. Asalinta na cikin hadisin Ash'ariyyawa, waɗanda in abincinsu ya yi ƙaranci suke tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yabe su. Abin da su Hajiya Mai Adashe ke yi shi ne wannan, ba su dai ba shi sunan Larabci ba. Na Kes da na gwamnati kuwa malamai da dama ba su ga laifinsa ba, don ba ciniki ba ne, tsari ne na hukuma, kuma haƙƙin ma'aikaci ne. Wanda aka cire wa ya je ya nema, ba roƙo yake ba.

Bazabarme a Maraɗi:
Malam, hukumar CIMA, wadda dokarta ke tafiyar da asurans a Nijar da sauran ƙasashen da suka sa hannu a Yawunde a 1992, ta fitar da ƙa'idar takaful a 2019. Don haka ta fuskar doka hanya a buɗe take. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ta kasuwanci ba, in ya shiga kamfani ya tambaya kai tsaye ko suna da ita.

Tunda na ambaci dokar CIMA, abu biyu a cikinta da ke kayar da mutane. Sashe na 13 ya ce sai ka biya kuɗin asurans take fara aiki, babu "rubuta mini zan kawo ƙarshen wata". Sashe na 18 kuma ya ce in ka ɓoye abu da gangan lokacin cika takardar tambayoyi, kwantaragin ya ɓaci, kuma abin da ka zuba ba ya dawowa. Mutum ya san yana shan maganin hawan jini shekara biyu, a tambaye shi ya ce lafiya lau, don kada a ƙara masa kuɗi. Ranar da ya faɗi su nemi takardun likita, su ga kwanan wata. Shi ke nan.

Ƙaramin Likita:
Nan nake son in sa baki. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a harkar nan ranar tafiya ita ce ranar da aka fara rubuta maka ciwo a kati. Daga ranar, ko su ƙi ka, ko su ƙara kuɗi, ko su karɓe ka su cire wannan ciwon daga abin da za su biya. Mai shekara 30 da ke ganin maganar ba tasa ba ce shi ne wanda ƙofa ke buɗe masa.

Amma ni abin da ya fi ba ni haushi ba asurans ba ne. Mutum na da digiri, yana da mota, bai auna jininsa ba shekara biyar. Hawan jini ba ya sallama, da yawa ba su jin komai sai ranar da ya kayar da su. Wasu kuma an ba su magani, sun sha wata ɗaya, suka ji garau suka aje. Awon nan minti biyu ne, a farmasi ma ana yi. In kuka ga fuskar mutum ta karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nufi likita a lokacin, kada a tsaya shafa mai da hayaƙi har gari ya waye. A yi addu'a a cikin mota.

Injiniyan Rijiyoyi:
Likita ka taɓo ni. Rabona da awo tun da na yi takardun wata kwangila.

Baba Mai Ritaya:
Na ga an yi nisa ina masallaci. Abu biyu na manta.

Na ɗaya, zubin Kes na da rufi, jika 500 a wata. Mai ɗaukar 900, da 500 ake yi masa lissafin fansho. To ku manyan ma'aikata na ƙungiyoyin agaji da bankuna da kamfanonin waya, ku ne ramin naku ya fi zurfi, don gidanku ya saba da 900, abin da zai zo kuwa yanki ne na 500. Haka wanda rabin kuɗinsa alawus ne da kuɗin tafiye-tafiye da ba a zuba komai a kansu. Ƙaramin ma'aikaci mai jika 42 faɗuwarsa kusa ce, ku daga soro za ku faɗo.

Na biyu, kuma shi ya fi muni. Ganin an cire a takardar albashi ba shi ne an zuba ba. Na ga dattijo da ya yi shekara 19 a wuri ɗaya, ya zo da takardunsa a leda, aka buɗa aka tarar shekara 6 kawai aka zuba masa. Kowa ya san lambarsa ta Kes, ya je ofishinsu na nan Maraɗi ya ce a nuna masa watannin da aka zuba. In da giɓi, tun kana da ƙafa da baki za ka bi shi, in ta kama har wurin sufeton aiki. Hatsari kuma in ya faru a wurin aiki ko a hanya, doka ta ba ubangida awa 48 ya sanar. Kada ka yarda da "bari mu yi maganin a tsakaninmu". Yau ne zai saya maka allura, shekara uku nan gaba da ƙafar ta ƙi, ba shi ba labarinsa.

Akantan Zariya:
Baba wannan ta biyun ta sa na ji kunya, don ni ne mai shirya takardar, na kuma san akwai lokutan da ake cewa a jinkirta zubi sai kuɗi sun shigo. Ban taɓa kawo wa raina cewa watan da aka jinkirta zai iya zama cikin wata 12 ɗin wani ba.

Ga yadda na fahimci zancen, ku gyara mini. Wata shidan farko ajiyata ce da asusu irin na su Hajiya za su riƙe ni. In abin ya zarce, Kes ta ba da yankinta, asurans ɗin banki ta ɗauke bashi in naƙasar ta kai inda suke so. Abin da ya rage tsakanin wannan da jika 285 da gidana ke ci in an cire bashi, shi ne ba shi da mai shi.

Bazabarme a Maraɗi:
Haka ne, kuma wannan ragowar ita za ka kai kasuwa, ba ka je ka ce "ina son asurans" a miƙo maka abin da ke kan tebur ba. Ka ce ina son abin da zai ba ni kaza in ciwo ko hatsari ya hana ni aiki. Ka tambaye su: ciwo na ciki ko hatsari kaɗai? Aikina na akanta ake nufi ko kowane aiki? Daga kashi nawa kuke fara biya? Kwana nawa zan yi a kwance kafin ku fara? Dunƙule ne ko wata-wata, kuma har zuwa shekara nawa? Likitan wa zai auna ni, in ban yarda da shi ba fa? Duk amsar da aka ba ka da baki ka ce a nuna maka layinta. Kuma gaskiya, mutum ɗaya in ya je shi kaɗai abin na tsada, wani lokacin ma ba ya samun mai biyan wata-wata. Ta ƙungiya ta fi sauƙi, ma'aikatan wuri ɗaya ko 'yan sandika su yi ta a dunƙule. Ku da ke da wakilan ma'aikata, maimakon kullum rigimar kuɗin ragon layya, ku sa wannan a tebur.

Bagobirin Tsibiri:
Ragon layya kuma mi ya yi maka? Bar mana abinmu. Amma zan kai maganar taron sandika, in sun saurare ni.

Hajiya Mai Adashe:
Duk kun manta mutum ɗaya, matar gidan. Akanta, ka ce matar abokinka ba ta aiki. Da tana da ko injin markaɗe ko firjin ƙanƙara, da yau ba a jiran ambulan ɗin kowa. Wasunku ku ke hana su. Kuma ina tambaya, cikinku wa matarsa ta san inda takardar Kes take, ko bankin da yake da bashi? Ga mutum harshe ya yi nauyi, wa zai faɗa?

Injiniyan Rijiyoyi:
Hajiya ko Bafillacen da ke riƙe da shanuna matata ba ta san shi ba. Ni da shi ne sai Allah.

Ungozomar Ali Ɗan Sofo:
To ka ji. Shanun da ka ce su ne asurans ɗinka.

Akantan Zariya:
Na dawo da labari. Da safe na biya gidan abokina, ni da matarsa muka zazzage wata tsohuwar jaka. Mun samu katinsa na Kes, rajistarsa ta kai shekara 11. Mun kuma samu takardar bashin banki, saura wata 20, kuma akwai asurans a jiki kamar yadda Bazabarme ya ce, da kalmomin nan uku. Matar ta ce ƙanensa har ya fara neman mai sayen filin. Na ce su dakata.

Baba, gobe in Allah ya kai mu zan je ofishin Kes da katin. Takardar likita wacce za su nema, ta wanda ya fara duba shi ko sai nasu ya gan shi? Kuma shi da ba ya iya sa hannu, matarsa za ta iya sa masa ko sai an yi wata takarda?

Baba Mai Ritaya:
Ka tafi da duk abin da likitansa ya rubuta tun ranar farko, har da hoton kai in an yi, da takardun albashinsa na shekarar ƙarshe. Nasu likitan zai gan shi daga baya. Maganar sa hannu ka tambaye su a can kafin ku wahalar da shi. Ka biyo ta gida ƙarfe takwas mu tafi tare, na san ƙofar da ake shiga. Ka zo da mota, gwiwata ba ta son moto.